Langar Ɗakin Ƙarshe

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, ka saka min wannan ba tare da sunana ba, sunayen da ke ciki ma na canza su. Ni ba mai yawan magana ba ce, na daɗe a nan ina karanta na wasu ban taɓa cewa uffan ba. Yau dai abin ya zo kaina, don Allah ku ba ni shawara, amma sai kun yi haƙuri na ɗauko muku zancen daga baya.

Ƙarfe huɗu na yamma abin ya fara lalacewa, ana fitowa daga sallar la'asar, a shekarar yunwa ta 83. Na riƙe lokacin ne don a daidai shi nake fitowa da littafina in zauna a bakin ƙofa. Muna gidan haya a unguwar Nima, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Ina sakandare ina shirin jarrabawa, yarinya ce ni da in baƙo ya shigo sai in ɓuya a bayan labule, ban damu da kwalliya ba, kaina kullum a cukurkuɗe cikin ɗankwali. Waɗanda suka ga shekarar sun sani, ruwa bai sauka ba, gonaki sun ƙone, mutane suna layi su sayi dokunu, ƙullin masarar nan da ake naɗewa a ganye, ɗanye tun ba a dafa ba don kada ya ƙare. Mu da ɗan sauƙi, Baba direban babbar mota ne daga tashar Tudu zuwa arewa, in ya dawo ba ya rasa masara ko gero a ƙarƙashin kujera.

A ɗakin ƙarshe akwai Anti Adiza da mijinta da yara biyu, namiji da ƙanwarsa Safiya. Suna cikin waɗanda aka koro daga Legas a farkon shekarar, da kayan da hannu zai iya ɗauka kawai. Mijin makanike ne, kullum yana takawa da ƙafa har kasuwar kayan mota ta Abossey Okai neman aiki ya dawo haka nan. Ita kuma ta iya kitso, amma a shekarar wa yake ta kitso? Mahaifiyata, Mma, ta lura ba a hura wuta a ɗakin, sai ta zuba tuwon masara da miyar ayoyo a langarta mai murfi ta ba ni na kai.

Kun san yadda muke a zango, in an kawo miki abinci ba kya mayar da langa wayam, ko ƙosai biyu ne ko goro sai kin saka. To a wannan la'asar ɗin langa ta dawo da sabulun wanka a ciki, sabo a takardarsa, irin na Legas. Sabulu a lokacin nemansa ake ba a samu. Mma ta yi murna, ta ɗaga shi tana nuna wa matan gida, tana cewa ku ga 'yar mutunci, ku ga wadda ta san gida. Da zuciya ɗaya ta faɗa. Anti Adiza tana bakin ƙofarta tana ji.

Daga ranar duk langar da na kai sai ta dawo da wani abu. Cokula, sai ɗankwali, sai madubi, sai faranti na tangaran. Mma ta fara jin nauyi, ta aike ni in ce wa Anti Adiza ta daina, ta ce to, amma ba ta daina ba. In an daina kai tuwon yara za su kwana da yunwa, in an ci gaba ɗakin yana ƙarewa a hannunmu. Ni nake kaiwa ni nake karɓowa, ina ganin yadda kabad ɗinta ke zama fili. Ranar da na buɗe murfi na ga 'yan kunnen Safiya a ƙulle cikin tsumma, Mma ta ce a'a, wannan kam ya yi yawa, in mayar yanzu. Anti Adiza ta biyo ni da kanta. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce ita ba a gidan bara aka haife ta ba, uwarta ba ta taɓa mayar da kwanon mutane ba komai ba. Mma ta ce ai yanzu ba lokacin wannan ba ne, kowa ya san halin da ake ciki. Sai Anti Adiza ta ce, "Yaya, in kin mayar min da wannan, da wane ido zan ƙara cin tuwonki?"

Ba ta ƙara ci ba. In na kai sai ta leƙo ta ce alhamdulillahi sun riga sun ci. Da yamma tana fito da tukwanenta bakin famfo tana wankewa kamar kowa, ni kuma daga inda nake zaune ina ganin ruwan wankin fari tas, ba maiƙo, kajin gidan ma ba sa zuwa wurin. Ba a daɗe ba suka tattara suka tafi ƙauyen mijin can arewa. Motar Baba tana lodi a Tudu a ranar, amma wata suka shiga, don kada ya ɗauke su kyauta. Bayan 'yan watanni Baba ya dawo da labarin Safiya ta rasu, ƙyanda ce ta same ta jiki ba ƙwari. Mma ta yi kuka har muryarta ta dashe, ta ɗora langar a saman kabad ba ta ƙara taɓa ta ba. Ni kuwa na ƙarasa shafin da nake karantawa na juya na gaba. Na jira in ji wani abu ban ji ba. Na ci jarrabawar da kyau, aka yi ta yaba min, shi ma ban ji komai ba. Haka na girma, in abu ya yi nauyi sai cikina ya yi shiru kamar an ɗauke wuta.

Yanzu ina Maamobi, ina koyarwa, Mma ta rasu, langar tana wurina. Ɗakin da ke jikin nawa akwai wata yarinya Rukayya da mijinta da yara biyu. Shagon da mijin yake aiki ya rufe, kuma kun san yadda kasuwa take yanzu. Ba ta faɗa min ba, da fara'arta take gaishe ni. Amma na daina jin ƙamshin albasa ta tagarta, tukunyar gas ɗinta tana nan a baranda ta yi ƙura, kuma yaran sun koyi shigowa kallon talabijin a daidai lokacin da nake zuba abinci, ita kuma sai ta ƙwala musu kira tun ban miƙa musu ba. Shekaranjiya na sauko da langar na wanke na zuba tuwo, na je har ƙofarta na tsaya, na dawo. Tuwon ya huce a kan tebur ina zaune ina kallonsa. Na yi tunanin ajiyewa a ɓoye, amma a gidan haya ba a ɓoye komai. Na yi tunanin bi ta masallaci, amma a can mijin yake salla, zance zai zaga. Tsorona kada in kore su da alheri kamar yadda muka kori wancan ɗakin, kuma kada in yi shiru har wani yaro ya kwanta.

Anti Adiza tana raye, ta tsufa, tana Kanda wurin ɗanta. Shekara da shekaru gaisuwa kawai ke haɗa mu a wurin suna ko addu'a. Jiya na daure na je, na ba ta labarin Rukayya, sannan na tambaye ta me ya kamata mu yi a wancan lokacin. Ta ce ba ta taɓa riƙe Mma a zuciya ba, mutuwa kuma ta Allah ce. Sannan ta ba ni amsa, ita ce na kawo muku. Ku gaya min, in bi ta ko akwai wata hanya? Kuma in na bi, ta ina zan fara, ni da ban taɓa buɗe baki na roƙi wani komai ba? Ga yadda ta ce, tana kallon ɗankwalina:

"'Yata, duk zaman da na yi a gidan nan uwarki ba ta taɓa aiko ki aron ko gishiri a ɗakina ba. Kowa ana shiga ɗakinsa neman wani abu, ban da ni. Ga ki kullum a bakin ƙofa da kai kamar an yi dambe, ni da hannuna na kitso ina zaune ina kallonki. Ki mayar da langar nan saman kabad tukuna. Ki je mata hannu biyu ba komai, ki roƙe ta wani abu, ko da kan nan naki ne, don na ga har yau ba ki gyara shi ba."