Kunnen Tafinta da Muryar Malama

Lahadi, 4 ga wata

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara da jikoki. Yaya ƙafar? Kina dai shan maganin, ko kin sake raba wa maƙwabta? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Yaya, na rubuto ne don in riga 'yan tsegumi isowa gare ki. Shekara ashirin da shida ina aikin tafinta a kotu, ban taɓa sa alƙali ya cire tabarau ya ƙare mini kallo ba sai ranar Talatar nan. An kawo wani bawan Allah ana zarginsa da ɗauke keken maƙwabcinsa. Alƙali ya ce in tambaye shi sana'arsa. Na tambaya, ya amsa, ni kuma na juya na shaida wa kotu da babbar murya cewa mutumin ya ce sana'arsa sata. Mai gabatar da ƙara har ya fara tattara takardunsa don murna. Sai matar mutumin ta zabura daga baya tana salati, tana cewa, "Fata ya ce, fata!" Ashe baduku ne, jaka da takalmi yake ɗinkawa.

Ni dai na san inda laifin yake. Mutumin ba shi da haƙoran gaba, fankar kotu kuma tun zamanin tsohon alƙali take kuka. Amma alƙali ya kira ni ofis, ya ce wannan ne karo na uku a bana. Ya ba ni wata ɗaya in kawo takardar likita a kan kunnena, in ba haka ba a sallame ni. Saura shekara huɗu fa in yi ritaya da mutuncina.

Da na faɗa wa matata, ƙanwarki Malama, maimakon ta jajanta mini sai ta ce ai ta shekara biyar tana gaya mini. Na ce to ai matsalar ke nan, tana gaya mini, amma a cikin maƙogwaronta. Kin san ta da, in ta tsawata wa ɗalibi a ajinta har na ajin gaba sai ya gyara zama. Yanzu magana take kamar mai tauna auduga, sannan a ce ni ne kurma.

Na je asibiti, aka ce layin gwajin kunne sai bayan wata uku. Ina shirin fita sai wata likita ta ce suna wani bincike a kan ma'aurata da suka haura hamsin. Za a auna jin miji da mata da kuma muryarsu, a ba da sakamako cikin mako biyu. Nan take na sa hannu a takardar yarda. Malama ma ta yarda da saurin da ya ba ni mamaki. Kowa a cikinmu na jiran ranar da likita za ta kunyata ɗaya.

Kada ki faɗa wa kowa, musamman maigidanki, don na san dariyarsa. Ki gaida kowa da kowa.

Naki ƙane,
Tafinta

Alhamis, 15 ga wata

Yayata,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Na sami amsarki. Na ji daɗin cewa ƙafar ta yi sauƙi, ban ji daɗin cewa kin goyi bayan Malama tun ba a yi gwajin ba. Wai ke ma ranar da kika zo sai da kika yi sallama sau huɗu. Ina karatun jarida ne, Yaya.

An yi gwajin shekaranjiya. Suka shigar da ni wani ɗan ɗaki kamar akwati, ƙofarsa da kauri kamar ta firji, bangonsa duk soso. Aka ɗora mini abin kunne irin na ma'aikatan rediyo, aka ba ni maɓalli a hannu. Ma'aikacin gwajin, wani dattijo mai sanƙo, ya ce duk lokacin da na ji ƙara, komai ƙanƙantarta, in danna. Ya fita ya zauna a bayan gilashi yana fuskantata.

Zan faɗa miki gaskiya tunda ke ce. Na zauna shiru ban ji komai ba, sai na tuna fuskar alƙali. Sai na lura ina hango kafaɗar dattijon ta gilashi. Na ce a raina, ai gani ya kori ji. Duk lokacin da kafaɗar ta motsa sai in danna. Na danna sau goma sha ɗaya, ina jin kaina gwani. Can sai ƙofa ta buɗe, Likita ta leƙo tana danne murmushi. Ta ce, "Baba, ba a kunna na'urar ba tukuna." Ashe bawan Allah susa yake yi, wai rigar tana cizonsa.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai juya kujerata na fuskanci bango, ta ce yanzu za a fara. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na ji sautuka masu kauri, irin gurnanin mota. Da aka koma sirara sai duniya ta yi tsit, ba abin da nake ji sai bugun zuciyata. Ban san tsawon lokacin da na yi riƙe da maɓallin nan ba.

Daga nan aka riƙa faɗo kalmomi ina maimaitawa. Daga baya dattijon ya nuna mini takardar. An ce shuka, na ce duka. An ce fushi, na ce ƙunshi. An ce sauro, na ce tauri. Na ce masa mai karanta kalmomin ne ba shi da lafazi. Ya ce shekara tara suna amfani da wannan muryar da aka naɗa, ni ne na fara kai ƙararta.

Amma Allah ba ya barin bawansa. Da aka zo gwajin murya, aka sa mana makirufo a gaban baki, aka ce kowa ya ja numfashi ya ce "aaa" iya ƙarfin numfashinsa. Yaya, daƙiƙa ashirin da shida na yi! Har wata nas ta leƙo daga waje ta ga ko lafiya. Malama kuwa daƙiƙa bakwai, ita ma a tsattsage, kamar ana jan kujera a siminti. Likita ta rubuta wani abu mai tsawo, ta duba maƙogwaronta da wata siririyar kyamara, sannan ta maƙala mata wata 'yar na'ura a wuyan riga, wai ta yi mako da ita don a auna yadda take amfani da muryarta daga safe zuwa yamma.

A mota na tuna mata alƙaluman sau uku, ashirin da shida da bakwai. Ba ta ce komai ba. Ko kuma ta ce, ban sani ba, hankalina na kan tuƙi.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida maigidan, na san kin faɗa masa.

Ƙanenki,
Tafinta

Asabar, 24 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Wannan wasiƙar ba ta da daɗin rubutawa, amma na saba faɗar maganar wasu a gaban jama'a, bai kamata in kasa faɗar tawa a gabanki ba.

Jiya muka karɓi sakamako. Likita ta nuna mini zanen jina. Layin ya taho a miƙe, sannan ya gangara kamar wanda ya zame daga tudu. Ta ce sautuka sirara sun daɗe da barina, shi ya sa nake jin ana magana amma kalmomin su riƙa rikiɗa. Na ce to, na ji nawa, a karanto na Malama. Har na gyara zama.

Ta kunna hoton maƙogwaron. Ta nuna wasu 'yan ƙulli biyu a tantanin da ke fitar da murya, ta ce kanta ce, irin wadda ke fitowa a tafin mai aikin ƙarfi. Na kalli Malama na ce, "Kin ji ko? Ba na faɗa ba?" Likita ta ce gaskiyata, muryar ta dushe. Sannan ta buɗe abin da 'yar na'urar nan ta tattara. A makaranta, cikin aji mai yara sittin, muryar Malama tana hawa tana sauka kamar ta kowane malami. Daga ƙarfe huɗu kuwa, lokacin da nake dawowa gida, layin sai ya haye sama ya ƙi saukowa. Ranar Lahadi, da ba makaranta, ita ce ta fi kowace rana muni. Likita ta ce abin da binciken nasu yake nema ke nan, yadda kunnen ɗaya yake cinye muryar ɗaya, kuma ba su taɓa samun misali mai kyau kamar namu ba. Har godiya ta yi mana.

Yaya, yara sittin ba su iya da muryar matar nan ba, ni kaɗai na gama da ita. Shekara biyar tana maimaita mini magana sau uku sau huɗu, ni kuma ina yi mata gorin ba ta buɗe baki. Laifi tudu ne. Na so ƙasa ta tsage in shige. Malama ba ta ko kalle ni ba, jakarta take ta gyarawa, wannan ya fi mini ciwo da a ce ta yi dariya.

An sa mini abin ji, 'yan ƙanana biyu a bayan kunne. Ita kuma an hana ta magana kwata-kwata na mako biyu, ko raɗa ba a yarda ba. Kin ga ikon Allah: ranar da na fara ji, ranar ta daina magana.

Ashe duniya haka take da surutu? Firjinmu gurnani yake yi. Takalmina na hagu yana ƙara, kuma masinjan kotu ya ce ya fi shekara yana yi, da shi suke gane na taho. Ni kaina ban san haka nake tauna ba. Malama tana yawo da ɗan littafi, in tana son abu ta rubuta ta miƙo. Abu na farko da ta rubuta shi ne, "Rage murya, ina kusa."

Ranar Litinin zan kai wa alƙali takarda. Ki gaida yara.

Naki,
Tafinta

Lahadi, 9 ga sabon wata

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kowa lafiya. Albishirinki. Alƙali ya karanta takardar, ya juya baya ya faɗi kalma biyar a hankali, na maimaita su duka. Ya ce in ci gaba da aikina.

Malama ta gama hutun muryarta ranar Juma'a. Likita ta ce ƙullin ya fara raguwa, ta koya mata yin magana a hankali, ta ce mu dawo bayan wata uku a sake aunawa. Sai dai wata sabuwa ta ɓullo. Jiya ina falo ina ba ta labarin yadda na burge alƙali, tana kicin ta ba ni baya, sai na ji ta ce ƙasa-ƙasa, "Kai dai da cika baki kamar ganga." Na ce, "Na'am? Wace ganga?" Cokali ya faɗi daga hannunta. Ashe, Yaya, shekara da shekaru duk maganar da na yi tana da amsarta, a gabana ake ba ni, ina gyaɗa kai.

Ta zo ta zauna ta ce ita fa an cuce ta. Wai wannan ne ɗan abin da take rage zafi da shi, yanzu asibiti sun ƙwace. Ta nemi alfarma ɗaya: kullum bayan la'asar in cire abin jin na rabin awa, ta faɗi abin da ke ranta, sannan in mayar. Na ga tana da gaskiya, na yarda.

Yau aka fara. Na cire na dama a gabanta na ajiye a tebur, na hagu kuwa na ja hula na rufe shi. Na buɗe jarida. Ta fara da tawul ɗin da nake jefarwa a kan gado, ta bi ta kan minsharina, ta gangaro kan yadda nake gyara wa baƙi magana. Har ke ta taɓo, wai ke kika sangarta ni tun ina yaro. Na daure, ban ko motsa gira ba. Da ta gama ta ɗauke kofin da ke gabana. Sai na ji ta ce, a hankali ƙwarai, "Da sun kore ka da ban san yadda zan yi da kai ba, tsohon banza. Allah dai ya bar mini kai."

Na kusa cewa amin, na tuna ni kurma ne. Sai na ɗaga jaridar sama na rufe fuskata, na daɗe a shafin da ban karanta ko layi ɗaya ba.

Gobe duka biyun zan cire. Wannan kuma, don Allah, ko maigidanki kada ya ji.

Ki huta lafiya. Malama tana gaishe ki, da muryarta.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Tafinta