Waƙar da Yaya Ke Guga da Ita

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma Yaya ba ta yi magana ba. Tun da jininta ya hau ta faɗi a banɗaki, ɓarin damanta ya shanye, bakin ya karkace. Idonta biyu, amma silin take kallo. Likita ya ce in mako biyu suka wuce ba ta nuna tana jin mu ba, sai dai mu kai ta gida mu riƙa juya ta a gado. Ya ce a dinga sa mata abin da take son ji. Na ce ya bar mini wannan.

Laraba, 5 ga Maris

Wa zai gaya mini abin da Yaya ke so? Shekara da shekaru bas ɗaya muke shiga, iyafis ɗaya muke jin waƙa da shi, ita kunnen dama ni na hagu, har ta sauka a makarantar da take koyarwa, ni in wuce kantin magani.

Na haɗa mata waƙoƙinmu. Ta yarinyar nan mai gita ita kaɗai, wadda muryarta ke karyewa a wajen amshi. Ta samarin da suka naɗa a gareji, har ana jin haushin kare a baya. Da mai fiyano, wadda sai an kusa rabi ake buɗe baki. Ba a sa su a rediyo, shi ya sa ma nake son su.

Na sa mata har batir ya yi ja. Ko ƙifta ido. Ni ce na ɓige da kuka a wajen fiyanon.

Asabar, 8 ga Maris

Shiru.

Lahadi, 9 ga Maris

Dogo, mijinta, ya same ni ina gyara mata iyafis. Wai, "Ƙanwata, waɗannan waƙoƙin naki ko mai lafiya suka kama ai sai ya kwanta." Wai akwai wadda Yaya take guga da ita duk Lahadi, mai tafi da usur ɗin nan da ta cika kowane shagon aski, har rawa take da dutsen guga a hannu.

Na ce Allah ya kiyaye, Yayata ba ta jin shirme.

Ya ce, "A bas ai wayar a hannunki take."

Don ya aure ta sai ya fi ni saninta? Ciki ɗaya muka fito. Har yanzu raina a ɓace yake.

Talata, 11 ga Maris

Duk yini ina miƙa wa mutane magani ina laluben rana ɗaya da Yaya ta ce in sa mata waƙa kaza. Ban samo ba. "Sa wadda kike so, auta." Kullum haka. Sai ta lumshe ido, ni kuma in ce waƙar ce ta ratsa ta. Mutumin da ya tashi tun asuba ya shirya yara uku...

Bari dai.

Alhamis, 13 ga Maris

Nas ta ce ranar Litinin za a sallame mu. Mama ta fara kwashe kaya daga ɗakin ƙasa don a sa gado. Tsoro nake ji, wallahi tsoro.

Asabar, 15 ga Maris

Na bari sai da Dogo ya fita sayo sabulu, sannan na sauke waƙar gugar nan a wayata, kamar mai sata. Na sa mata, na kau da kai.

Da aka zo amshi sai na ji ƙas, ƙas. Zoben hannunta na hagu ne ke bugun ƙarfen gado, daidai da tafin. Na ruga na kira nas, ta ce a maimaita. Aka maimaita. Leɓenta ya motsa, ta juyo da ido ta dube ni. Ni ta duba.

Dogo ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa da leda a hannu, hawaye har gemu. Bai ce ai na gaya miki ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 17 ga Maris

Likita ya fasa sallama. Gobe za a fara mata motsa jiki da koyon magana. Alhamdulillahi.

Waƙar dai shirme ce, ban canza ra'ayi ba. Mai kantinmu ya tambaye ni wa ke yin fiton waƙar a bayan kantar magani, na ce fanka ce.

Na tura wa Dogo saƙo ya gaya mini sauran da take so. Sai da na rubuta na goge, na rubuta na goge. Ya turo su rututu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ko guda ban taɓa sanin Yaya na jin ta ba.

Ina kan sauke su.