Shagon Maɓallai a Barandarmu

Zuwa ga hasken idona, inuwar da na girma a ƙarƙashinta, ruwan farko mai sa ƙasa ƙamshi, Babana abin ƙaunata.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawan ganyen bishiyar ƙofar gidanmu. Autarka ce, mai ɓuya bayan labule in an yi baƙi. Ka san bakina nauyi gare shi, magana tana zuwa maƙogwarona ta tsaya kamar akuya a bakin rafi. Shi ya sa na ɗauki biro. Rubutuna ba shi da kyau, ka yi haƙuri da shi, daga zuciya ya fito.

Ya sanyin zuciyata, ka tuna shagonka? In ka manta ba komai, ni na riƙe mana. Ina ƙarama nakan shige ƙarƙashin teburin yanka ina tsintar ƙyallaye, ƙafarka tana taka keken ɗinki, ƙararsa kamar yayyafi a kan kwano, har barci ya kwashe ni. Ranar da 'yartsanata ta rasa riga ka ajiye ɗinkin wani babban mutum, ka auna ta da tef da gaske, har kana tambayar ta ko tana son aljihu. Wane uba ne zai yi haka in ba kai ba? Wane tauraro ne ya taɓa sunkuyowa ƙasa haka don yarinya ta yi dariya?

Sai ciwon mantuwa ya shigo mana ba sallama. Ya fara da ƙananan abubuwa, ya ɗauke maka inda ka ajiye almakashi, ya ɗauke awon mutane, daga baya ya ɗauke sunayenmu. Aka rufe shago, aka kawo keken gida aka lulluɓe shi da tsohon zane. Amma ƙafarka ba ta yarda an rufe ba. Kullum da safe sai ka sa hula ka nufi ƙofa, ka ce mutane suna jiran kayansu. Ranar da ka ɓace mana, wayyo Baba! Na zaga layi-layi ina kiranka, ni da ko gaisuwa ba na iya ɗaga murya. Wani mai facin taya ne ya riƙo hannunka ya kawo ka, ƙafarka ɗaya ba takalmi, kana ba shi haƙuri wai wandonsa bai gamu ba.

Da Yaya ya ji, ya zo a fusace, idonsa ja. Ya ce wa Mama ranar hutunsa zai dawo da kwaɗo ya sa a ƙofar ɗakinka, a riƙa buɗe ka lokacin abinci da wanka. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Amma kai, Baba? Kai da ko taga aka rufe sai ka ce an hana iska shan iska? Ana kulle hantsi a ɗaki? Na shiga kicin na yi kukana a gaban tukwane.

A nan tunani ya zo min: tunda kai ba za ka iya zuwa shago ba, me zai hana shago ya zo wurinka? Ni da Mama muka ja keken zuwa baranda, na kafa ƙusa na rataye tef da tsofaffin riguna, na kawo benci. Sai dai na zare allurar keken, don na tuna yadda ta huda maka yatsa kafin a rufe shago. Na ɗauka ba za ka lura ba. Ka zauna, ka taka, ka tsaya, ka karkata kunne. Ka ce, "Wa ya cire wa keke haƙori? Ji shi yana taunar iska kamar tsohuwa!" Mama ta yi dariya har da riƙe ciki, amma kai ba ka yi ba. Ka miƙe ka nufi ƙofa, ranka a ɓace. Na ji kunya ta kama ni har ƙafa. Ashe ciwon ya ci sunaye, bai ci kunnen tela ba.

Washegari ina sauri zan tafi makaranta, maɓallin rigata ya tsinke ya gangara har gaban ƙafarka. Ka sunkuya ka ɗauka, ka juya shi a tafin hannunka, ka ce, "'Yan mata, haka za ki fita kamar marar gata? Kawo nan." Na kawo allurar hannu da zare. Baba, da ka ga yatsunka! Yatsun da ke laluben cokali suka zama tsuntsaye da suka gane sheƙarsu. Ka soka, ka ja, ka naɗe zaren a wuyan maɓallin, ka ƙulle, ka ciza. Na makara, aka sa ni shara a makaranta, na yi ta ina murmushi kamar wadda aka ba kyauta.

Tun daga ranar, kafin ka gama karyawa na riga na zura zare a allurai na soke su a jikin soso, na bi rigunan gidan nan da reza ina tsinke maɓallansu. Nakan fita ta baya in zagayo in yi sallama, ka ce, "Maraba da kwastoma." Rigunanka, rigar makarantata, har tsohuwar rigar ruwa, babu wadda ba ta sha tsinka ba. Mama ta ce, "Auta, kika kusanci rigar fitata, ni da ke ne a gidan nan." Da kaya suka ƙare min, na tattara duk ƙarfin halina na je wurin mai wanki da guga na bakin layi. Sai da na tsaya ina murza gefen mayafina kafin na roƙe shi ya riƙa ba ni rigunan da maɓallansu suka tsinke. Ya ce, "Ke, ai kin cece ni! Maɓallan mutane sun hana ni barci." Yanzu aikin gaske kake yi, Baba. Rigunan da ke fita daga hannunka mutane ne ke sa su su tafi ofis.

Ba zan ɓoye maka ba, ya farin watana, akwai zafi. Kana ce min kwastoma, kana ce min 'yan mata, Auta kuwa ta daɗe ba ta fito daga bakinka ba. Wani lokaci ina miƙa maka riga zuciyata tana ihu: dube ni, ni ce! Yaushe za ka ɗago ka gane ni? Amma na koyi wani abu a kan bencin nan. Ina zama in kalli abin da ke gabana, in gode wa Allah a kansa tun bai wuce ba. Hasken safe a kan farin gemunka. Yadda kake lasar bakin zare ko da an riga an zura shi. Jiya ka ɗaga allura ka ce, "Wanda duk yake zura min zaren nan, Allah ya yi masa albarka." Na ce amin a hankali, na kwashe albarkar gaba ɗaya, ban rage wa kowa ba.

Yau ce ranar hutun Yaya. Ya shigo da kwaɗon a hannu, sabo fil, ya tarar da kai a bakin aiki, riguna jere a igiya. Ya tsaya. Na matsa kusa da shi, na ce, "Yaya, tun da aka buɗe shagon nan bai nemi fita ba. Don Allah ka zauna ka gani." Ban san inda muryar ta fito ba. Kai kuwa ka ɗago ka ƙare masa kallo, ka ce, "Malam, jibgegen mutum kamarka, maɓallin wuya yana reto? Matarka ba ta ganinka ne? Tuɓe." Yaya, wanda yaransa ke tsoron tarinsa, ya tuɓe riga ya zauna a benci daga shi sai singileti, ya sunkuyar da kai. Na ga ruwa yana ɗiga a kan gwiwarsa. Da ka gama ya sa rigar, ya shafa wuyan, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya ce wa Mama a sa sakata a ƙofar waje kawai, ɗakinka a bar shi a buɗe. Ya ce mako mai zuwa zai kawo rigunan abokan aikinsa.

Baba! Ka ji? Ba za a kulle ka ba! Gobe ma rana za ta same ka a baranda, iska ta taɓa maka fuska, tsuntsaye su sauko su yi ta surutunsu a kan igiya.

Na san ciwon nan ba ya komawa baya, likita ya gaya wa Mama ina ji. Wata rana allurar ma za ta gagare ka. In ranar ta zo, zan zuba maka maɓallai a faranti mu ware farare daga baƙaƙe. In wannan ya gagara, zan riƙe hannunka kawai mu zauna. Ka kira ni da duk sunan da ya zo bakinka, zan amsa da gudu. Ka manta ni sau dubu, sau dubu zan yi sallama in shigo.

Taka har ƙarshen numfashi, wadda ba za ta taɓa kai ɗinkinta wani shago ba,

Auta.