Gas ɗinmu ya ƙare a ruwan wanka

Rifkatu ƙanwata, ki karanta wannan da kyau kafin ɗanki Ishaya ya kawo miki ƙarata. Ni ce yayarki Laraba. Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Yaya jikin Baba? Yaya yara da aikin gona?

Tun da Ishaya ya sauka wurinmu a Narayi neman aiki, da gas yake dafa ruwan wanka. Ranar Litinin gas ya ƙare, kunu bai dahu ba, yarana suka tafi makaranta da yunwa. Na yi masa faɗa, wai: "Haba Mama, ruwa ne kawai fa!" Ko kunya bai ji ba.

Ki gai da kowa, ku sa mu cikin addu'a. Daga yau gas na abinci ne kaɗai. Mai son ruwan zafi ya ajiye bokitinsa a rana, in ba zai iya ba ya koma ƙauye.