Ƙwayar Safiyar Lahadi

Valjevo, makon farko na Babban Azumin kafin Ista

Zuwa ga 'yata Dobrila,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da Milun da yara. Ina fata tarin ƙaramar ya sake ta, kuma aikin jinya a Graz bai hana ki hutu ba.

Kin tambayi jikin mahaifinki. Tun da likita ta gano cewa 'yan tsokokin nan biyu da ke saman ƙodarsa sun daina aiki, ta ɗora shi a kan ƙwayar da ke maye gurbin sinadarin da suke fitarwa, ya dawo mutum. Duhun da fatarsa ta yi, wanda maƙwabta suka yi ta yabawa wai ranar gona ce, ya fara washewa. Ya daina sanɗa zuwa tulun kabejin tsami yana shan ruwan gishiri kamar ɓarawo. Sharaɗin ɗaya ne: ƙwayar safe ba a tsallake ta, domin ita ke riƙe masa jini da ƙarfi.

To, ga azumi ya kama. Ya ce ranar Lahadi zai karɓi jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin da ake bayarwa a coci, kuma mai karɓa ba ya sa komai a baki tun tashinsa, har magani. Na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla, yadda na yi wa ɗalibai shekara da shekaru. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malama, kin ci jarrabawa. Miƙo mini gurasa."

Kada ki damu. Na iya da aji mai cike da 'yan taurin kai, zan iya da tsoho ɗaya.

Mahaifiyarki,
Leposava

Valjevo, tsakiyar azumi

'Yata Dobrila,

Ina gaishe ki da mutanen gidanki, da fatan kowa lafiya. Mahaifinki yana raye. Da wannan zan fara.

Ya tafi coci ba ƙwaya, ya yi tsayuwar nan mai tsawo, yana karɓar jibi ya yanke jiki ya faɗi. Radojka maƙwabciyarmu ce ta zo ta kira ni. Na ɗauki allurar gaggawa da likita ta ba mu, na same shi kwance a kan daɓen dutsen cocin yana amai, idanunsa ba su san ni ba. Na san abin da ke faruwa a jikinsa daki-daki. Amma amosanin gaɓɓai da ya lanƙwasa mini yatsu ya hana ni karya wuyan kwalbar maganin. Ta suɓuce ta fashe, mutane suna kallo. Motar asibiti ce ta cece shi.

Fada Jevrem, limamin cocinmu, ya zo duba shi, ya gaya masa a gabana cewa magani ba ya ɓata azumi. Mahaifinki ya amsa, "A gabana aka yi maka baftisma kana tsala ihu. Kai za ka koya mini?" Ya ce ubansa da kakansa ba su taɓa tunkarar ƙoƙon jibin da wani abu a cikinsu ba, shi ma ba zai fara ba. Na yi faɗa, na yi gaba da shi, har na yi kuka, abin da bai taɓa gani ba. Ya shafa kaina, ya ce ranar Ista zai sake karɓa.

Na gwada koya wa Radojka yadda ake yi masa allurar, tana ganin allura ta nemi kujera.

Kin san ko gishiri ban taɓa roƙo a maƙwabta ba, kuma da kika tafi ban ce ki dawo ba. Yau ina cewa ki zo kafin Ista. Ba don ki lallashe shi ba. Hujjoji ina da su, ba su yi komai ba. Ki zo ki tsaya a bayansa a coci da allurar a jakarki. Yatsunki nake roƙo.

Ki gaida Milun da yara.

Mahaifiyarki,
Leposava