Tawadar Malam Dikko

Gwiwa, ranar Talata.

Zuwa ga ƙanwata Mairo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da duk mutanen Babura. Yaya ciwon bayan naki? Barnabas mai kemis ne yake rubuta mini, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana. Ban kira ki ba don wayarki kullum tana hannun jikoki.

Maganar takardun cikin gafaka ce, wasiƙun da kakan kakanmu Malam Dikko ya riƙa aikowa gida daga sansani lokacin jihadi. Musaddiƙ, ɗan marigayi ƙanenmu Halliru, ya kawo mini wani baƙo daga birni, wai Dakta, amma ba ya duba marar lafiya. Aikinsa bin gidaje yana tara wasiƙun wancan zamani. Ya ce ya samu a Roni, ya samu a Kazaure, saura namu.

Na yi alwala na ɗauko gafakar. Mairo, abin da idona ya gani! Mutumin nan bai yi alwala ba, ko bisimilla ban ji ba. Sai ya zura safar hannu ta roba, irin ta masu wanke gyambo, ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya sa ɗan hantsaki ya ɗaga takardar kakanmu kamar mai ɗauke mushen ɓera. Takardar da Baba yake shafawa a fuska! In na tuna har yanzu sai yawu ya tarar mini a baki.

Musaddiƙ ya ce wai don kada gumi ya ci takardar ne. Gumin ubansa da na kakansa bai cinye ta ba, sai yanzu? Kuma a gaban baƙo ya ce, Baffa, kai da ko sunanka ba ka iya karantawa, me za ka yi da su? Halin ubansa sak, wanda ya matsar mini da iyakar gona ya mutu bai mayar ba.

Za su zo neman yardarki a ba Dakta takardun, tunda gadon na mu uku ne. Ki ƙi. In kin ƙi, mu biyu mun rinjayi yaron.

Ki gaishe da kowa. Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Usaini.

Gwiwa, ranar Lahadi.

Mairo,

Ina gaishe ki, don gaisuwa ba ta faɗuwa ko an ɓata wa mutum. Ina fatan kuna lafiya. Ni dai cikina ne yake ɗan murɗawa, za ki ji dalili.

Saƙonki ya iso ta bakin direba. Ashe kin yarda. Wai ɗakina yana yoyo, gara ta fara cin gefen takardun, a birni kuwa za a sa su cikin gilashi a ɗaki mai sanyi. Wato kowane ƙato ya shigo da takalmi ya leƙa kakanmu yana taunar cingam. Ban yi mamaki ba. Tun kina yarinya duk wanda ya yi miki magana mai taushi kin bi shi.

Sun kai ni gaban mai unguwa, aka ce in miƙa ranar Juma'a. A nan Musaddiƙ yake cewa ai ba ayoyi ba ne, Dakta ya karanta, Malam Dikko gero yake nema da takalma, yana gaida innarsa. Na ce ko gishiri ya nema, hannunsa ne ya rubuta. Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Safiyar Alhamis na sayi sabuwar ƙwarya, na ɗebo ruwan rijiya, na yi alwala, na wanke takardun ɗaya bayan ɗaya yadda ake wanke allo. Tawadar mutanen da ce, ta saki kamar jiya aka rubuta. Na tace, na sha. Ɗaci gare ta, da warin tsohuwar fata, amma ban tofar ba. Barnabas ya ajiye biro a nan ya ce ba zai iya rubuta wannan ba. Na ce rubuta, ba kakanka ba ne.

Ranar Juma'a na cika umarnin mai unguwa, na miƙa gafaka. Dakta ya zura robarsa, ya buɗe, ya tarar da takardu fes, sun yamutse, ko ɗigo babu. Sai ga babban mutum da gemu zaune a ƙasa yana hawaye. Musaddiƙ kuwa ya kira ni da sunan da ba zan sa a rubuta ba.

Ni ba na cin haƙƙin kowa. Na raba ruwan kashi uku. Na yaron yana nan in ya ga dama. Naki yana cikin kwalbar da direba zai ba ki tare da wannan takarda. Ki girgiza kafin ki sha, Malam Dikko yana kwantawa a ƙasa.

Ki gaishe da maigidanki. Wassalam.

Yayanki, ko kin so ko kin ƙi,
Usaini.