Ƙofar Gilashi

Tambuwal, Janairu 1961

Yaya Bube,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya da iyali. Bayan haka, na gama gyaran kantina na bakin titi. Na rushe dakalin da ka gina, na cire rumfar zana, na sa ƙofar gilashi mai rufe kanta irin ta kantunan Kaduna. Mun samu mulkin kai, ba za ni ci gaba da tara tsofaffi suna tofa goro gaban kayana ba. Ba wanda ya ɗaga ni, ni na ɗaga kaina. Ka zo ka gani.

Ƙanenka, Ɗangiwa

Kebbe, Fabrairu 1961

Ɗangiwa,

Sallama da gaisuwa. Na ji. Dakalin nan ba don ado na gina shi ba. Mai tafiya a ƙasa inuwa yaka nema, in ya zauna ya huta sai idonsa ya faɗa kan atamfa. Ka bar ko da rumfar. Allah shi ba da kasuwa.

Bube

Tambuwal, Afrilu 1961

Yaya,

Ina gaisuwa. Kai magini ne na laka, ban tambaye ka shawara ba. Amma garin nan hassada ta cinye shi. Mutanen Sanyinna da Dogon Daji da sunka saba sayayya wurina, yanzu sai su tsaya bakin ƙofa, in ɗago in ga bakinsu na motsi, su juya su tafi rumfar Atiku, mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa. Zagina suka yi, na sani. Ko Kulu ƙanwar innarmu haka ta yi mini. Kaya na nan jibge, in an kai damina haka sai in rufe. Kai ma shiru, ko ƙafarka ban gani ba. Ashe har da kai?

Ɗangiwa

Kebbe, Mayu 1961

Ɗangiwa,

Gaisuwa. Na zo ranar kasuwa da ta wuce. Na tuɓe takalmi, na tsaya bakin gilashinka, na yi sallama sau uku. Ina ganinka ciki kana karatun jarida, ba ka amsa ba. Ba a koya muna shiga inda ba a amsa ba, sai na juyo gida.

Ba mai zaginka. Sallama suka yi.

Ka huta lafiya.

Bube